Auta Ya Shayar da Fulawa Magani

"Ni ba na jin zafi," in ji Auta. "Jinina daban yake da naku."

A tsakiyar aji ya faɗi haka, ƙirji a bubbuɗe. Auta yaro ne ɗan firamare, amma bakinsa ya girme shi nesa ba kusa ba.

Wasu 'yan tsoka biyu ne a maƙogwaronsa suke yawan kumbura. Likita ya ce sai an cire su. Da aka gwada jininsa, nas ta ce rukunin O ne.

"O ɗin nan jinin jarumai ne," ya gaya wa 'yan ajinsu. "Ko allura lanƙwashewa take yi a jikina."

Aka yi masa aikin lami lafiya. Da za a sallame shi, likita ya gargaɗe shi.

"Ka sha magani, ka sha ruwa sosai. In ba haka ba, za ka dawo a yi maka ƙarin ruwa da allura."

Auta ya ɗaga kafaɗa. Amma allurar nan da yake cewa tana lanƙwashewa, ita ya fi tsoro a duniya.

A gida, maƙogwaro ya fara aikinsa. In ya haɗiyi miyau, sai ya ji kamar ya haɗiyi bushiya da ƙayarta.

"Auta, akwai zafi?" in ji Umma.

"Ko kaɗan!" ya ce da wata 'yar murya kamar ta sauro.

"To me ya kawo hawaye?"

"Fanka ce take hura min ido."

Umma ta dubi fankar. A kashe take. Ta ajiye masa ruwa da magani mai zaƙi, ta fita.

Jarumi ya sha maganin zafi? Ina! Ga haɗiya ma aiki ce. Auta ya juye maganin a tukunyar fulawar da ke bakin taga, ya bi shi da ruwan. Haka ya riƙa yi safe da rana.

Kafin a jima leɓensa ya bushe. Idonsa ya faɗa. Da ya miƙe sai jiri ya zaunar da shi.

Ran nan Malamar ajinsu ta zo duba shi. Abba ya rako ta ɗakin, sai ya tsaya cak. Ga tururuwa sun yi layi tun daga ƙofa. Ya bi su da ido har tukunyar fulawa. Ya taɓa ƙasar, ya ji danƙo.

"Ikon Allah!" in ji Abba. "Ashe fulawar ma an yi mata aikin wuya?"

"Ni jinina O ne!" Auta ya dage. "Ba na shan maganin ragwaye!"

"Dubi bakinsa," in ji Umma. "Abban yara, ɗauko takalminka. Asibiti za mu koma."

"Ba inda za ni!" Auta ya ƙanƙame gado.

Malama ta zauna kusa da shi. "Ni ma O ce. Ranar da aka cire min haƙori, sai da maƙwabta suka fito tambaya ko gobara ake yi."

"Ke, Malama?"

"Ni ɗin nan. Kowane irin jini ne da kai, zafi ba ya jin kunyarsa. To zaɓi: cokali ko allura?"

Auta ya dubi cokali. Ya dubi takalmin Abba. Sai kuka ya ƙwace masa.

"Umma, akwai zafi! Wallahi akwai!"

"Na sani, ɗana. Buɗe baki."

Ya sha maganin. Zafi ya lafa, ya bi da ruwa kaɗan-kaɗan. Abba ya kira likita a waya. Likita ya ce in yana sha, a bar shi a gida.

Auta ya gane abu ɗaya: ɓoye ciwo ba jarumta ba ne. In kana jin zafi, ka faɗa wa manya, ka sha maganinka.

Da ya warke ya koma makaranta, yara suka kewaye shi. Ya faɗi gaskiya, cewa ya ji zafi. Sai bakin ya fara ƙaiƙayi.

"Amma magani kam, ni da kaina nake shanyewa. Ko ɗigo ban taɓa bari ba!"

Malama ta leƙo ta taga.

"Auta, ya jikin fulawa?"