Hannun Mikail Ba Ya Rawa

A Kasuwar Kwastam Mikail ya kafa kyamararsa, ya rage saurin ƙiftawarta zuwa rabin daƙiƙa. Haka ya ga manyan masu hoton titi na duniya suna yi: duk mai motsi sai ya narke kamar hayaƙi, wanda ya tsaya cak shi kaɗai ke fitowa.

Da ya duba, 'yan Keke Napep sun narke, masu baro sun narke, sai budurwa guda ta fito tar, idonta a kansa.

"Baiwar Allah, ashe kallona kike."

"Ni? Albasa nake tayawa."

"Rabin daƙiƙa ko motsi ba ki yi ba. Ga shaida."

Ta leƙa, ta ja mayafi. "Tsadar albasar ce ta daskarar da ni."

Sunanta Mu'mina. Kafin wata biyu ya sa mata suna Rabin Daƙiƙa, ita kuma tana kiransa Mai Hayaƙi.

Sai ga Uwais, mai shagon hoto a unguwarsu, wanda ya daɗe yana sonta. Shi kowa ya shiga shagonsa fari yake fitowa a hoto, ko uwarsa ba za ta gane shi ba, jama'a kuma wai wannan ne gwaninta. Ya kwashi hotunan Mikail ya kai wa mahaifinta, Baba Ba'ana mai wankin hula.

"Baba, dubi duk sun yi dishi-dishi. Hannunsa rawa yake. Kuma ka san abin da ke sa hannun saurayi rawa."

Nan take Baba ya yanke hukunci: ɗan shaye-shaye ba zai auri 'yarsa ba.

Mu'mina ta tura saƙo: "Mai Hayaƙina, Baba ya ce ƙwaya kake sha. Na ce masa fasaha ce, ya ce ita ma sabuwar ƙwaya ce? Ka yi wani abu kafin a ba Uwais ni in koma fara."

Ya amsa: "Rabin Daƙiƙata, share hawayenki. Gobe da hantsi ina wurin aikinsa."

Ya sami Baba a rumfarsa yana dirzar hular zanna da buroshi. Ya durƙusa, ya gaishe shi da yaren su Baban.

"Wushe, Baba."

"Miƙo hannunka in gani."

Ya miƙa. Ai kuwa ya hau karkarwa. To, wane saurayi ne zai miƙa wa suruki hannu bai yi karkarwa ba? Amma wa zai gaya wa Baba?

"Ka gani! Tashi ka ba ni wuri."

"Baba, hoto ɗaya kawai. Kada ka tsaya, ci gaba da aikinka."

Mikail ya ƙure saurin ƙiftawar, kashi ɗaya cikin dubu biyu na daƙiƙa. Baba ya ɗaga hular a fusace ya yarfe ta. Ƙyas!

Baba ya karɓi kyamarar da niyyar yin tsaki, sai ya ƙura wa hoton ido. Ga ruwan nan ya tsaya a iska, ɗigo-ɗigo kamar duwatsun ado, kowane zaren hular ana ƙirga shi, ga jijiyoyin hannunsa. Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa ganin kansa a ciki ba.

"Ya aka yi ruwan bai faɗi ba?"

"Na riga shi ne, Baba."

"Su waɗancan na hayaƙin fa?"

"Da gangan na jira su."

Baba ya daɗe yana kallo. "Wanda ya san lokacin sauri da lokacin jira, ai ya fi ni sanin zaman aure. Turo manyanka. Amma ka wanko mini wannan babba, kuma kada ka kuskura ka mai da ni fari."

Bayan Sallah aka ɗaura auren. Baba da hannunsa ya wanke hular ango, ya kafa masa ita a ka, ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka." Ango ya ɗaga hannu zai shafa amin, hannun na ɓari, surukin ya kama ya riƙe masa.