Baƙin Gilashin Zakariyya'u

"Ɗan ƙwaya ne, Baba. Da ya cire gilashin nan ka ga yadda idonsa ke rawa?"

Muryar Dauda ce daga falo, ɗan ƙanin Baba, wanda ya daɗe yana nacin a ba shi Asabe. Ita kuwa tana bayan labule tana saurare.

"Rabu da marar kunya," in ji Baba. "Ina tsaye a ƙofar gidana ya wuce ni, ya je ya durƙusa wa maƙwabci. An gama maganar nan."

Asabe ta zame ta zauna a ƙasa. Ita ce ta jawo.

Da rawar ido aka haifi saurayinta Zakariyya'u. Ba ya gane fuska daga nesa, sai ya karkata kai hagu idon ke ɗan natsuwa ya gani. A shagonsa na atamfa a Makera kowa ya saba da hakan. Amma jiya da zai zo gaida Baba karon farko, ita ta lallaɓa shi ya saka baƙin gilashi, ta ce kada ya kuskura ya karkata kai.

Garin neman gira ta rasa ido.

Ta lallaɓa ɗaki ta kira shi a waya.

"Masoyina... me ya sa ba ka ce ni na sa ka ba?"

"In tona miki asiri a gaban mahaifinki?"

"Baba ya yi fushi sosai."

"Ba fushin Baba ne ya yi mini ciwo ba, Asabe. Na ɗauka ke kaɗai ce ba kya jin kunyata."

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Ta ji kunyarsa, kuma ya sani.

Ba ta tsaya goge hawaye ba ta faɗa falo, ta zube a gaban Baba ta kwashe komai ta faɗa masa.

Dauda ya taɓe baki. "To jikoki fa? Abin gado ne."

"Da kai ake?" Baba ya daka masa tsawa. Ya juyo kanta. "Ke kuma kin ba ni kunya. Mutum ya zo da halittarsa, kin rufe shi kamar kayan sata? Kira mini shi."

Bayan la'asar Zakariyya'u ya yi sallama.

"Dube ni yadda ka saba duban mutane," in ji Baba.

A hankali ya karkata kai hagu. Idanun suka lafa.

"Yanzu ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba. A yafe mini."

"Ba ka yi laifi ba. Ka turo magabatanka."

A soro Asabe ta tare shi, ta kasa ɗaga kai.

"Ka yafe mini, don Allah..."

"Na yafe, zuciyata. Amma ki sani tun yanzu, idon nan ba zai daina rawa ba. Ranar biki ma haka zan shigo gaban ƙawayenki, kaina a karkace."

Ta ɗago tana kuka tana dariya.

"To ni ta hagunka zan zauna, don kada ka ga kowa sai ni."