Agwagwar da ke Buga Bango

Ranar da Malama ta fara ganinsa, yana tsaye a bayan wata ɗalibarta, hannunsa a kan linzamin kwamfuta. Gyaran wayar intanet kawai aka kira shi ya yi.

Malama tana koya wa 'yan shekara bakwai jera tubala masu launi a allon kwamfuta, shuɗi na tafiya, rawaya na maimaitawa, har agwagwar da ke allon ta isa tafki. Dokarta ɗaya ce: yaro shi zai gano kuskurensa. Mai gyaran kuwa da ya ga agwagwa tana buga bango, sai ya ja tubali ɗaya ya gyara. Kwana uku Malama ta yi tana jiran yarinyar ta gano da kanta. Takaici ya kama Malama.

Ta sa masa suna Sarkin Gaggawa. Ya ci gaba da zuwa, alhali waya lafiyarta ƙalau. Saƙo ya biyo baya: "Malamata, zuciyata ma bango take bugawa. Ki taimaka."

Ta amsa: "Gano kuskurenka da kanka." Amma tana murmushi ta tura.

Ranar da ya je gaida babanta, ya tarar da rediyo a buɗe a kan tebur, ya gyara shi nan take. Wata guda tsohon ya yi yana lallaɓa abinsa don nishaɗi. Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya bari a ƙarasa komai ba.

Malama ta sha kuka, sannan ta shirya darasi. Ta gayyato Baba aji, ta zaunar da Sarkin Gaggawa kusa da yarinyar nan, ta ce in ya taɓa linzami, maganar aure ta ƙare.

Agwagwa ta buga bango sau tara. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya zauna a kan tafin hannuwansa, da ƙyar ya ce, "Wane tubali ne ya kai ta can?"

Yarinyar ta ƙura ido, ta ƙirga da yatsa, ta gyara. Agwagwa ta faɗa tafki.

Baba ya tashi yana kaɗe hula. "Na ba ka. Allah ya yi albarka. Amma rediyona, ka zo ka mayar min da shi yadda ka same shi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ango ya riga kowa zuwa da awa uku, amma ya jira.