Durƙuson Nafisat a Bakin Ƙofa

Ranar da Sharhabil ya fara kai mahaifinsa, Alhaji Ila, gashin ƙashi a Unguwar Kanawa, motoci suka cika da 'yan rakiya. Mutum ɗaya ne ɓarin jikinsa ya shanye, amma sai ka ce amarya za a kai. Ga korona tana tashe, ga takunkumin kowa a haɓa, an rataya shi don kawai kada jami'ai su tare su a Kawo.

Wata siririyar budurwa ta tsaya a ƙofa, idanunta kaɗai ake gani.

"Baba da mutum ɗaya. Sauran a jira a mota."

"Malama, ai duk 'yan gida ne," in ji Sharhabil.

"Cutar ba ta tambayar dangantaka. Ga bokiti, ga sabulu. Ka ja takunkumin nan sama, ba da haɓa kake numfashi ba."

Ya ja. Wallahi tun kumfar ba ta bar hannunsa ba ta kwanta masa a rai.

Nafisat ke nan, mai wurin. Aikinta ba ya yiwuwa daga nesa, dole ta kama kafaɗa, ta lanƙwasa gwiwa, ta murza jijiya. Majinyatanta kuwa tsofaffi ne, wannan da ciwon suga, wancan da hawan jini. Shi ya sa tagogi kullum a buɗe, kowa da lokacinsa, a goge gado a sake zani kafin wani ya hau. Mai tari kuwa ko waye shi ba ya shiga.

Ba a jima ba saƙonni suka fara tsakaninta da Sharhabil.

"Sarauniyar sabulu, yau ma idanunki kawai na samu. Yaushe zan ga sauran fuskar?"

"Ranar da ka daina taɓa mini labule da hannun da ka gaisa da rabin Kaduna, ɗan rigimata."

Sai dai akwai Hajiya Harira, mahaifiyarsa. Ita a wurinta korona ƙaryar gwamnati ce, ilimin da ta samo a wajen kitso. Da ta ji maganar aure ta taɓe baki.

"Mai tausar tsofaffi? Ga Umaima 'yar ƙanwata, yarinya mai kunya!"

Kunyar Umaima kuwa ta gaban Hajiya ce kawai, a waya bakinta ya fi reza.

Ana haka Hajiya da Umaima suka tafi wani biki a Rigasa, irin wanda ake yi a ɓoye, mata cunkushe a ɗaki an rufe taga don kada a ji kiɗa. Daga can ba su biya gida ba, suka zarce wurin Nafisat, wai Hajiya za ta ga irin murzar da ake wa mijinta. Tun daga mota Hajiya take tari.

Nafisat ta ji tarin. Ta kuma san abin da ake jira daga yarinyar da ke son ɗan mutum: ta sunkuyar da kai, ta ba da hanya. A bayanta kuwa ga Alhaji kwance, ga wata tsohuwa a ɗaya gadon.

Sai ta durƙusa har ƙasa, a tsakiyar ƙofar.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Yauwa. Tashi in wuce."

"Ki yi haƙuri, Mama. Da tarin nan ba za ki shiga ba. Ki taimaka a yi miki gwaji kafin ki kusanci Baba."

"La'ilaha! Ni? Wurin mijina?"

"Kin ga abin da nake faɗa miki ko, Hajiya?" in ji Umaima.

Hajiya ta zage Nafisat tas, masu shaguna suna leƙe. Nafisat na hawaye, amma ba ta matsa ba. Hajiya ta juya, ta rantse ba ta komawa gida sai an rabu da yarinyar nan, ta wuce gidan ƙanwarta.

Sharhabil, namijin duniya, ya kasa faɗa da baki, sai saƙo:

"Uwata kika tozarta a titi. Ban zaci haka daga gare ki ba."

"Ina sonka, Allah ya sani. Amma ko yau ta dawo da tarin nan, a ƙofar za ta same ni."

Ya ajiye wayar abinsa, yana hura hanci.

Kafin mako ya zagayo Hajiya da Umaima suna kwance a wurin killace masu korona, Hajiya har da robar iska a hanci. Masu cewa ƙarya ce duk suka ɓace, ko ɗan dubiya babu. Alhaji kuwa ko atishawa bai yi ba. Ya kira ɗansa, harshensa na sarƙewa:

"Kai... sakarai ne. Je ka... ba ta haƙuri."

Ya tafi wurin Nafisat da kunya kamar ya nutse. Ta bar shi ya gama kame-kamensa, sannan ta ce, "Na yafe, ɗan rigimata. Amma ka ba ni haushi."

Bayan an sallami Hajiya aka ɗaura aure, ba taro ba kiɗa. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, irinsu ai ba sa faɗa. Amma da aka kawo mata amarya, ta daɗe tana kallonta, muryarta har yanzu a dishe.

"Na so in kashe mijina da hannuna, kika hana. Ga ɗana nan, shi ma ba ya jin magana. Ki riƙe mini shi."

Ta ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."