Sifikar Jirgin Feshi

Kwana uku ke nan tsohon jirgin feshi yana shawagi a kan fadamar Kirikasamma, yana zuba wa tsuntsayen jan-baki magani a cikin ciyawar kacala inda suke kwana, don a ceci shinkafar mutane. Gwadabe makaniki ne ke kula da shi a bayan garin Haɗejiya, kuma ya gaji tiɓis. Gab da magariba matuƙin ya sauka yana mita, wai sifikar da ke saman kujerarsa ta lalace, da zarar ya yi ƙasa-ƙasa kusa da ruwa sai ta kama ƙara kamar kukan jarirai.

"Tsufa ne kawai, yallaɓai," in ji Gwadabe. "Je ka yi salla, zan canza ta."

Ya hau yana dafe ƙugu, ya kwance ta, ya datse wayoyinta, ya ɗaura sabuwa. Tsohuwar kuwa ya ɗora a cinyarsa. Sai ya ji ta jiƙe sharkaf, tana ƙarnin taɓo.

"Gwadabe ɗan Hajo," in ji muryar wata tsohuwa, ita ma a gajiye. "Mahaifiyarka ko ruwan zafi za ta zubar, sai ta yi bisimilla mun kwashe 'ya'yanmu. Ku kuwa kwana uku kuna sheƙa mana, ba wanda ya ce uffan."

Ya kai hannu zai kashe rediyon jirgin, ya tarar a kashe yake. Ya dubi cinyarsa. Wayoyin da ya datse suna reto, ruwa na ɗiga daga bakinsu.

"Gobe ma za ku zo?"