Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Na'urar Tunau ta yi ƙara sau uku a goshin Inna Dije, fitilarta ta koma koriya. Tsohuwar ta buɗe ido a ɗakinta da ke hawa na tamanin, a Zariyar shekara ta 2140.

Saminu, ɗanta na fari, shi ya ƙera na'urar. Shekara tara ya yi yana fama da ita, tun ranar da Inna ta fara tambayar hanyar ɗakinta.

Ƙwaƙwalwa ba rumbu ɗaya ba ce. Akwai ma'ajiyar abin da ya faru ɗazu, akwai ta sunaye da tsofaffin labarai, akwai kuma abin da jiki ya haddace, kamar tuƙa tuwo. Ciwon Inna ya cinye biyun farko. Aikin Tunau shi ne ta tattaro duk kalmar da mutum ya taɓa furtawa, wadda bangayen gidajen zamanin ke naɗewa, ta mayar masa cikin kai.

Inna ta dubi 'yarta. "Hansatu? Ke kuma haka kika rame?"

Hansatu ta fashe da kuka. Inna ta shiga jero 'ya'ya da jikoki, har da akuyar da ta mutu shekara talatin baya. Saminu ya matso, Inna ta dube shi.

"Wannan bawan Allah fa? Likita ne?"

"Inna, Yaya ne!" in ji Hansatu.

"Sannu da aiki, Malam."

Saminu ya bincika rumbun na'urar: kalma miliyan ɗari huɗu, babu Saminu ko ɗaya. Duk bokonsa, ya manta uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya ce. "Wancan" take cewa, ko ta yi shiru. Ita kuwa Tunau ba ta san shiru ba.

"Ka cusa mata sunan mana," in ji Hansatu.

Zai iya, cikin minti ɗaya. Amma sai ta riƙa kiransa gatsal kamar ɗan maƙwabta, kuma wannan ba Innarsa ba ce. Ya zare na'urar a hankali, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

Ba ta amsa ba. Ta ja mayafi, ta kau da kai gefe, kamar yadda ta yi masa shekara hamsin. Hannunta kuwa ya lallaɓo ya turo masa kwanon furarta.

Saminu ya sha, hawaye na zuba a ciki.