Irin da Auta ta Shuka

Faɗa ne ya fara haɗa su. Auta tana aiki a ofishin da ke kula da rijiyoyin burtsatse. Ita ke zuba awon ruwa a kwamfuta, ta fitar da layin da ke nuna ko ruwan ƙasa yana hawa ko yana sauka. Tana zaune sai ga mai awo ya shigo, hular kwano a hammata, takalmi duk taɓo, ya miƙa mata aikinsa.

Ta duba, ta ɗaure fuska. "Malam, wannan wane irin awo ne? Ka auna da safe, ka sake kafin azahar, sannan ka ɓace sai bayan kwanaki. Manhajata tazara iri ɗaya take so tsakanin awo da awo."

"Ranki ya daɗe, hanya za ki yi wa faɗa. Yau gada ta karye, gobe taya ta yi faci, jibi mai gadi ya tafi da makulli."

"To daga yau sunanka Latti."

"Na karɓa, tunda daga bakinki ya fito."

Ta yi tsaki, amma sai da ta raka shi da ido har ƙofa.

Yarinya ce mai zuciya, ba ta yarda aiki ya kayar da ita. Ta zauna ta sake rubuta manhajar don ta karɓi awo ko yaushe aka yi shi. Da za ta gwada, sai ta ƙirƙiro awon gwaji mai tazara barkatai. Kwamfuta ce ke zaɓo tazarar kamar ana ƙuri'a, wata gajera, wata doguwa, a yi ta ɗora su kan juna har su zama jerin lokuta. Sai dai ƙuri'ar kwamfuta tana bukatar lambar da za ta fara da ita, masu aikin suna ce mata iri. In ka ba ta iri ɗaya, ko sau nawa ka kunna, tazarar nan dai za ta dawo maka. Auta ta leƙa taga, ta hango babur ɗin Latti a jingine, ta sa lambar babur ɗin a matsayin iri. Ba ta gaya wa kowa ba.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Mai Lissafina, ina bakin rijiya. Ruwa ya sauka, son ki ya hau."

"Latti, jiya shiru, yau saƙo kamar ruwan sama. Ko a soyayya ma ba ka da tazara ɗaya?"

"Ai ke kika gyara manhajar da ke karɓata a haka."

Akwai shugaban sashensu, wanda ake kira Tsaf a bayan idonsa, domin komai ya taɓa sai ya ce, "Ya yi tsaf." Ɗan aminin mahaifin Auta ne, kuma ya daɗe da sa ran aurenta. Sai ya ji Latti ya je gaida Baba, mahaifin nata. Ba a jima ba ya shiga wajen Darakta da wani awo, ya ce na Latti ne. Awon ya nuna ruwa maƙil a rijiyoyin da jama'a ke kukan sun ƙafe. Ya ce yaron inuwa yake samu ya zauna ya zana lambobi. Aka dakatar da Latti, aka kafa kwamiti. Tsaf bai tsaya nan ba, sai da ya kai maganar har zauren Baba.

Baba ya kira ta. "Wanda zai yi wasa da ruwan shan jama'a ba zai riƙe mini 'ya ba. Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Ita ma ta gaskata, kuma wannan ne ya fi cin ranta daga baya. Ta rubuta masa, "Kada ka sake nemana."

Amsa ta zo: "Ban san awon nan ba, Auta. Ki dube shi da idonki, ko da ba za ki sake duba ni ba."

Washegari ta roƙi Tsaf ya nuna mata. A kwamfutarsa kaɗai awon yake, a kulle, ya ce shaida ce. Ya juyo mata da allon yana hura hanci. Aka kira shi a waya ya fita waje, Auta ta ɗauki hoton allon.

Kallo ɗaya ta yi wa hoton, ta gane. Tazarar duk iri ɗaya ce, reras kamar haƙoran mataji. Latti, wanda ko sallama ba ya yi a kan lokaci? Wannan aikin mai zama a kujera ne, wanda ya umarci kwamfuta ta jera lokuta daidai wa daida. Kuma ta san mutum ɗaya da bai iya wata hanya ba sai wannan.

Ba ta yi kuka ba. Ta sha alwashi cewa yadda Tsaf ya tozarta bawan Allah a gaban mutane, shi ma a gaban mutane zai kwashi kunyarsa.

Ana gobe kwamiti zai zauna, ta kai wa Tsaf shayi da hannunta, tana murmushin da bai kai zuci ba. "Yaya, wani abu ke damuna. Tazarar awon nan ta cika kyau. Kwamiti zai ce na'ura ce ta jera, shi kuwa Latti ko kunna manhaja bai iya ba. Kada su fara tambayar wa ya iya a ofishin nan."

Ya ajiye kofin. "Ƙanwata, kin faye tunani."

"Ni dai na faɗa. Da a ce irin tazarar gwajina ce, wadda na ajiye inda kowa ke ɗauka, ba mai cewa komai."

Ta fita. Ta san bai iya rubuta irinta ba, kuma girman kai ba zai bar shi ya tambaya ba.

Aka hallara a ɗakin taro. Latti na gefe, ya rame, idonsa a ƙasa. Tsaf ya haska shaidarsa a bango. Sai ga tazara barkatai.

Auta ta miƙe. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini." Ta haska hoton da ta ɗauka. "Wannan shi ne awon kafin jiya. Lambobin ruwa ɗaya, lokuta daban. Shaidar da ke kulle, wa ya canza mata lokaci?"

"Ƙarya ne! Hoto ai kowa na iya..."

"Ban gama ba, Yaya."

Ta buɗe manhajarta ta gwaji ta kunna. Jerin lokuta ya fito kusa da na Tsaf, layi bisa layi, babu wanda ya kauce.

"Ka kwafi aikina, ka manta ba ka canza iri ba. Karanta wa kwamiti lambar da ke saman nan."

Tsaf ya kau da kai daga bangon. Latti ne ya ɗago kai, ya ce a hankali, "Ai lambar babur ɗina ce."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Gumi ya karyo wa Tsaf. Darakta ya sa aka binciki kwamfutarsa nan take, aka tarar da ainihin awon Latti, wanda tun farko ya nuna rijiyoyin suna ƙafewa. Kafin a tashi, an karɓe makullan ofis daga hannun Tsaf.

A bakin ƙofa ya tare ta. "Ƙanwata, ki rufa mini asiri a wajen Baba."

Latti ya ce, "Ni na yafe, Auta."

"Kai ka yafe naka. Ni nawa yana nan. Bakin da ya kai ƙarya zauren Baba, shi zai je ya kwaso ta."

Haka kuwa aka yi. Tsaf ya durƙusa a gaban Baba da nasa mahaifin, ya faɗi komai, Auta na tsaye bayan labule tana jin kowace kalma. Da ya gama, Baba ya ce a kira masa Latti.

"Ɗana, na zarge ka ban bincika ba. Ka yi haƙuri. In har kana son ta, na ba ka."

Da yamma saƙonta ya same shi: "Lattina, ka yafe mini. Na san tazararka, amma na bari aka ruɗe ni."

"Mai Lissafina, tun yaushe lambar babur ɗina take a wajenki?"

"Tun ranar da na yi maka tsaki."

Ranar ɗaurin aure, Latti ya riga kowa isowa, har ya taya shimfiɗa tabarmi. Baba ya dube shi ya yi murmushi.

"Yau dai ba ka yi latti ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya tsare ku daga bakin maƙaryata."

Jama'a suka amsa da amin.